Babban kamfani ya sayi kamfaninku na manhaja: ina makomarka?

An sayar da kamfaninmu. Aikina ya ƙare ke nan?

Ba lallai ba. Sau da yawa mutanen da suka gina manhajar su ne ainihin abin da mai saye yake nema. Lokacin da Facebook ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, ma'aikatansa 13 ne kacal. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu aikin da babban kamfanin yake da irinsa tuni, kamar sashen kuɗi da na kula da ma'aikata.

To hannun jarin da aka yi mini alkawari fa?

Nan ne ya kamata ka natsu sosai. A kamfanonin fasaha ba a miƙa wa ma'aikaci hannun jarinsa lokaci guda. Yakan zama nasa kaɗan-kaɗan, galibi cikin shekara huɗu, kuma wanda ya tafi kafin ya cika shekara ɗaya ba ya samun ko sisi. Mai saye yakan yi amfani da wannan tsari ya ɗaure mutane. Lokacin da Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 kan dala biliyan 19, an ware biliyan 3 a matsayin hannun jarin da masu kamfanin da ma'aikata za su mallaka cikin shekara huɗu. Brian Acton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya tafi a 2017 saboda saɓani kan sanya talla, ya bar kusan dala miliyan 850 da bai kai ga mallaka ba.

Don haka kafin ka sa hannu a sabuwar takarda, ka tambaya a rubuce: rabon da bai zama nawa ba tukuna, za a mayar da shi hannun jarin sabon kamfani ne, ko za a biya ni kuɗi? Idan kuma aka sallame ni bayan wata shida, ya lalace ke nan? Kada kunya ta hana ka. Haƙƙinka ne, kuma lauya ya duba maka ya fi.

Me zai canza a aikin yau da kullum?

Saurin yanke shawara. Gyaran da kuke fitarwa da yamma, yanzu sai ya bi ta sashen tsaro da na lauyoyi. Muƙami ma yana iya raguwa: shugaban injiniyoyi a kamfanin mutum ashirin yakan koma injiniya ɗaya cikin dubbai, kuma wannan yana taɓa zuciya fiye da yadda ake zato.

Ba kullum ake narkar da ƙaramin kamfani ba. Stripe, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Amurka, ya sayi takwaransa Paystack na Legas a 2020 kan sama da dala miliyan 200, amma Paystack ya riƙe sunansa, ya ci gaba da gudanar da kansa.

In zauna ko in tafi?

Ni dai ina ganin ka ba shi shekara guda. Cikin wannan lokaci za ka gane ko manhajar da kuka sha wahala a kanta tana samun kuɗi da ma'aikata, ko an fara janye mutanenta zuwa wasu sassa.