Manhajar gwaji: in ɗora ko in dakata?

Daga watan Yuni, lokacin da Apple ke baje kolin sabuwar iOS, har kaka ta shigo, ba ma rasa mai leƙowa shagonmu na gyaran waya da kwamfuta a Gusau da magana iri ɗaya. Ya ga sabuwar babbar manhaja a hannun abokinsa, an ce masa ba ta fito ba tukuna amma ana iya ɗorawa, shi ma ransa ya biya. Ga abin da aka fi tambayarmu, da amsar da muke bayarwa.

Malam, wai mece ce wannan beta ɗin?

Babbar manhaja ita ce ke tafiyar da na'urar gaba ɗaya: Windows a kwamfuta, Android ko iOS a waya. Kafin kamfani ya saki sabuwa ga kowa, yakan ba 'yan sa-kai wadda ba a gama ba, ita ake kira beta, domin babu ɗakin gwajin da zai ɗauki kowace irin firinta da kowace laftof da ke duniya. Microsoft ya buɗe shirinsa na Windows Insider a Oktoban 2014, kusan wata goma kafin Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yulin 2015. A taƙaice, kai ne zakaran gwajin dafi, kuma ba a biyanka ko sisi. A Windows ma ba za ka shiga shirin ba sai ka yarda kwamfutarka ta riƙa aika musu ƙarin bayani kan yadda take aiki.

Duk ta gwaji ɗaya ce, ko akwai mai dama-dama?

Akwai. A 2023 Microsoft ya kasa shirin gida huɗu: Canary, Dev, Beta da Release Preview. Ta farko ita ce ɗanya shataf. Sunanta ma na kanari ne, tsuntsun da masu haƙar kwal a Ingila ke shiga rami da shi a da, in iskar ta gurɓace shi zai fara faɗuwa. Ta ƙarshe kuwa saura ƙiris a sake ta. Apple yakan ba masu ƙirƙirar manhaja a Yuni, sauran masu sha'awa a Yuli, sannan cikakkiyar ta fito a Satumba.

Abin da ke ruɗin samari shi ne lambar da kamfani ke ba kowace manhajar gwaji. Sai mutum ya ga lambar tasa ta fi ta abokinsa girma, ya ɗauka ya fi shi. Babbar lamba tana nufin an fi kusa da tukunya ne kawai, ba wai abincin ya nuna ba.

Me zai iya lalacewa?

Abu na farko batir. Manhajar da ba a gama daidaitawa ba tana shan caji, tana sa waya zafi, ga shi kuma a watan Afrilu zafin Gusau kan haura maki 40. Wannan da sauƙi. Mai wuyar shi ne ƙananan abubuwan da kake cin abinci da su. Mai shagon buga takardu ya wayi gari firinta ta ƙi magana da kwamfuta, domin kamfanin firintar bai fitar da direba ba, wato 'yar manhajar da za ta haɗa firintar da sabuwar babbar manhajar, kuma ba zai yi sauri don kai ba. Na'urar ɗaukar zanen yatsa haka. Manhajojin banki sun fi kowa tsantseni: da yawansu suna duba wayar tukuna, in suka ga abin da ba su gane ba sai su ƙi buɗewa. Ka kwatanta mai POS a kasuwar Talata Mafara ranar Talata, layi ya miƙe, wayar da yake tabbatar da shigar kuɗi ta tsaya cak.

Kada a ce muna tsoratarwa. A Oktoban 2018 Microsoft ya saki sabuntawar Windows 10 mai lamba 1809, ba ma ta gwaji ba, wadda aka ce ta kammala. Cikin 'yan kwanaki ya janye ta, saboda ta goge wa wasu mutane fayilolinsu, bai sake sakinta ba sai a Nuwamba. To in wadda aka sakar wa kowa ta yi haka, ina ga wadda ake kan ɗinkawa?

In ba ta yi mini ba, ai sai in koma tsohuwar, ko?

Nan ne mutane suka fi shan mamaki, domin ƙofar shiga a buɗe take, ta fita ce ƙarama. Windows tana ajiye tsohuwar manhajarka a wani kundi mai suna Windows.old na kwana 10 kacal. Bayan nan ta share shi. Wasu ma da hannunsu suke sharewa tun kwana biyu, don sun ga ya cinye musu wuri. Wanda kuma ya shiga Canary, galibi ba shi da mafita sai fomatin, a ɗora Windows daga farko.

A Android, in ka fita daga shirin gwaji kafin cikakkiyar ta fito, wayar za ta koma tsohuwar manhaja amma sai ta goge komai. A iPhone akwai wani tarko na daban: ajiyar kwafin bayananka da ka yi kana kan sabuwar iOS ba ta komawa kan tsohuwa. Wato in ba ka yi ajiya kafin ka ɗora ba, hotunan biki, lambobin abokan ciniki da lissafin bashi suna iya bin ruwa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Mu a shago, tambayar da muke fara yi wa mutum ita ce: ina ajiyarka, kuma ka taɓa buɗe ta ka ga tana nan?

Wayata Tecno ce. Wani ya turo mini fayil a WhatsApp ya ce sabuwar Android ce.

Goge shi, ƙanena. Shirin gwajin Google, mai Android, na wayoyinsa na Pixel ne, sai 'yan wasu samfura da kamfanoninsu suka sanar da kansu. Samsung ta manhajar Samsung Members yake bayar da nasa, a ƙasashe ƙalilan. Fayil ɗin da ke yawo hannu-hannu ba ka san wanda ya haɗa shi ba, ba ka san abin da ya cusa ciki ba, kuma kafin ya hau sai an ɓalle makullin da kamfani ya sa wa babbar manhajar wayar. Da an ɓalle, komai ya goge, manhajojin banki da dama kuma su juya maka baya.

Na riga na shiga. An turo sabuwa yau, in ɗora?

Wannan daban ne. Wanda ke ciki ba ya iya tsayawa wuri ɗaya, domin wata Windows ta gwaji tana da ranar ƙarewa, kuma gyaran matsalar jiya yana cikin sabuntawar gobe. Amma ba dole ne a ranar ba. Kowace sabuwa tana zuwa da sanarwar kamfani, a ƙasanta akwai jerin matsalolin da su da kansu suka san suna nan. Karanta wannan jerin kafin jerin sababbin abubuwa. In ka ga abin da ya shafi aikinka, bar ta ta wuce. In babu, ba ta kwana biyu ko uku ka ji abin da waɗanda suka riga ka ke cewa. Kada ka ɗora daren da kake da aikin miƙawa da safe.

Batun data da wuta fa?

A Canary da Dev sababbi kan zo kusan kowane mako, wata sai ta ci gigabait da yawa. Wuta kuma in ta ɗauke ana tsakiyar ɗorawa a kwamfutar tebur, ko laftof ta hannu mai mataccen batir, na'urar na iya ƙin tashi. Akwai kuma abin da mu 'yan Zamfara muka gani da idonmu a Satumban 2021, da aka rufe layukan sadarwa na makonni. Mai cikakkiyar manhaja ya ci gaba da buga takardunsa. Wanda ke jiran gyaran mako mai zuwa daga intanet, sai dai ya zauna da matsalarsa.

An ce Windows 10 ta ƙare. Ba gara in hau ta gwaji ba?

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, gaskiya ne. Amma maganin wannan cikakkiyar Windows 11 ce, wadda ke kasuwa tun 2021, in kwamfutarka tana da TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, da sauran sharuɗɗan. Ta gwaji ba ta cikin wannan lissafi.

To wa ya kamata ya ɗora?

Mai rubuta manhaja, da ke son sanin ko aikinsa zai tsaya a kan sabuwar kafin abokan cinikinsa su gano masa. Sai ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko kwalejin fasaha ta Kaura Namoda, wanda lalacewar ma darasi ce a wurinsa. Sai mu masu gyara, tunda gobe za a kawo mana ita a lalace. Mu ɗin ma ba a kwamfutar aiki muke ɗorawa ba. Akwai tsohuwar laftof a ƙarƙashin benci da babu komai a cikinta, wani lokaci kuma mu buɗe VirtualBox, manhajar kyauta da ke gina kwamfuta a cikin kwamfuta. Mu ɗora, mu latsa duk abin da muke son latsawa, in ta rikice mu goge fayil ɗaya, mu koma kan wayar da mai ita ke zaune yana jira.