Sauyin gudanar lantarki a titireshin na asid da alkali

Titireshin hanya ce ta gano kaurin asid, wato yawansa a cikin ruwa, inda ake ɗiga masa alkalin da aka san kaurinsa, kaɗan-kaɗan, har su cinye juna. Maimakon sinadari mai sauya launi, ana iya tsoma sandunan filatinam biyu a ruwan, a riƙa auna yadda wutar lantarki ke ratsa shi. Wuta mai kai da komowa ake sa wa, don kada ruwan ya fara rarrabuwa a jikin sandunan.

Ayon, wato ƙwayoyi masu caji, su ke ɗaukar wutar, kuma saurinsu ba ɗaya ba ne. A zafin digiri 25, ayon haidirojin yana da kusan 350 a ma'aunin gudanar da wuta na S cm² kan kowane mol (mol ma'aunin yawan ƙwayoyi ne), haidiroksaid kusan 198, kulorayid 76, sodiyam 50 kacal. Haidirojin ya yi musu fintinkau ne saboda ƙwayar ruwa ke miƙa shi ga maƙwabciyarta, dabarar da ake dangantawa da bayanin Theodor Grotthuss na 1806. A shekarun 1870 kuma Friedrich Kohlrausch ya nuna cewa a tsinkakken ruwa kowane ayon kasonsa daban yake bayarwa.

Idan ana ɗiga NaOH (alkali mai ayon sodiyam da haidiroksaid) a cikin HCl (asid mai ƙarfi mai ayon haidirojin da kulorayid), haidiroksaid yana haɗuwa da haidirojin su zama ruwa, sodiyam marar sauri ya maye gurbin haidirojin. Sai awon ya yi ta sauka. Da asid ya ƙare, haidiroksaid ya fara taruwa, awon ya juya sama, amma hawan bai kai gangaren tsanani ba. Zanen yakan fito kamar harafin V, kuma inda layukan biyu suka haɗu nan ne asid da alkali suka daidaita.

Asid mai rauni, irin na binega, da ƙaramin awo yake farawa. Yakan ɗan sauka, ya hau a hankali, sannan ya miƙe da sauri bayan an wuce daidaito. In ammoniya, wato alkali mai rauni, aka ɗiga masa, layin kwanciya yake yi daga nan.

Hanyar ta fi amfani a ruwa mai duhu ko gurɓatacce, inda ido ba ya kama sauyin launi. Sai dai tana son kula: ƙarin digiri ɗaya na zafi yana ɗaga awon da kusan kashi 2 cikin 100, shi ya sa ake tsare zafin. Alkalin ma akan sa ya ninka asid ɗin kauri kamar sau 10, don kada ruwan ya tsinke ya lanƙwasa layukan.