Ba Yarjejeniyar ECOWAS Ce Ta Shigo da Shinkafar Waje Ba

An daɗe ana cewa 'yancin ciniki tsakanin ƙasashen ECOWAS ne ya buɗe wa shinkafar Thailand da Indiya hanyar kwararowa Najeriya, har ta durƙusar da manoman Kebbi da Kano. Wannan zance bai dace da yadda tsarin yake aiki ba.

Shirin sassauta ciniki da ƙungiyar ta fara a 1979, ta kuma faɗaɗa shi zuwa kayan masana'antu a 1990, ya yafe haraji ne kawai ga kayan da aka noma ko aka sarrafa a cikin yankin, bisa ƙa'idojin tabbatar da asalin kaya. Albasar Galmi da shanun da ake korowa daga Maraɗi sun cancanci wannan sauƙi lokacin da Nijar take cikin ƙungiyar, amma shinkafar da jirgin ruwa ya sauke a Kwatano ta ƙasar Benin kayan waje ce, ko da an sauya mata buhu. Abin da ke jawo ta shi ne ratar haraji: Najeriya ta ɗora mata kuɗin fito mai tsanani, Benin ta bar nata ƙasa, sai 'yan fasa-ƙwauri suka ci ribar bambancin.

Rufe iyakoki da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 bai gyara wannan rata ba. Farashin abinci ya hau, kuma waɗanda suka fi ji a jika su ne halattattun fatake na Jibiya da Illela da Maigatari, tare da masana'antun Najeriya da suka rasa kasuwanninsu a maƙwabta.