Hatsarin gasasshen nama ya fi yawa bayan an sauke shi daga wuta

Yawancin masu shiga ƙaramin gidan gashin nama hankalinsu a kwance yake, domin suna ganin garwashi ja wur, hayaƙi na tashi, sai su ɗauka babu ƙwayar cutar da za ta tsira. Game da wutar kam suna da gaskiya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa idan zafin tsakiyar nama ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyos, kusan duk ƙwayoyin da ke jawo cutar ciki sun mutu. Abin da ya fi damunmu, mu ma'aikatan lafiya, shi ne abin da ke samun naman bayan an sauke shi: katakon da aka ɗora shi a kai, da wuƙar da aka yanka shi da ita, da hannun da ya taɓa shi, da tsawon lokacin da ya yi yana jiran mai saye. A ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo duk shekara sanadin gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su rasu, cikinsu har da yara 125,000 'yan ƙasa da shekara biyar.

Ƙaramin gidan gashi yana da wata fa'ida da manyan gidajen abinci ba su cika samu ba, wato sau da yawa komai a gabanka ake yi. Saboda haka kafin ka zauna, ka ɗan tsaya ka kalli hannun mai gashin. Idan ka ga ya daddatsa ɗanyar kaza, ya goge wuƙar da tsumman da ke rataye a kafaɗarsa, sannan ya jawo gasasshen nama ya yayyanka a kan katakon nan, to ƙwayoyin da wuta ta kashe an mayar da irinsu kan abincinka. Haka yake idan aka shafa wa naman da ya riga ya gasu ruwan haɗin da aka jiƙa ɗanye a ciki, ko kuma hannun da ya karɓi kuɗi shi ne ya koma kan nama ba tare da ya ga sabulu ba. Ƙwayar Campylobacter, wadda ta zama ruwan dare a jikin ɗanyar kaza, kaɗan daga cikinta ta isa ta kwantar da babban mutum, kuma alamunta kan bayyana ne bayan kwana 2 zuwa 5, shi ya sa mai ciwon yakan ɗora laifin a kan abincin da ya ci jiya, alhali ba shi ba ne.

Sai batun jira, wanda a ganina shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, wasunsu ma kan ninka yawansu duk bayan kamar minti 20, don haka ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba kuma a firji ba. Naman da aka tara a gefen murhu, ba zafi ba sanyi, shi ne ya fi dacewa da su. Ɗan ɗumamawar da ake yi idan mai saye ya zo ba ta warware matsalar gaba ɗaya, domin ƙwayar Staphylococcus da ke zuwa daga fata da hancin mutum tana barin dafi a cikin nama, kuma dafin ba ya lalacewa da zafi. Ba rashin kunya ba ne ka tambayi yaushe aka gasa, ko ka ce a gasa maka sabo a gabanka. Mai sana'ar da ya san darajar sana'arsa ba zai ji haushi ba.

Kaza da niƙaƙƙen nama suna buƙatar kulawa ta musamman. A tsoka guda ƙwayoyin galibi a bayanta suke, inda wuta ke fara lasa, amma niƙa yana cusa su har tsakiya. A 1993 a Amurka, niƙaƙƙen naman da bai gasu sosai ba ya sa ɗaruruwan mutane suka kamu da ƙwayar E. coli, yara 4 suka rasu. Wuta mai ƙarfi tana iya ƙona bayan cinyar kaza alhali naman da ke jikin ƙashi bai gasu ba, saboda haka ka tsaga wurin da ya fi kauri, idan ka ga ruwa mai jini-jini ka mayar a ƙara gasawa. Wurin da ya ƙone ya yi baƙi ƙirin kuma a yanke a yar, domin kitsen da ke ɗiga kan garwashi yana tayar da hayaƙi mai sinadaran da bincike ya danganta da cutar daji.

Ɗanyun kayan lambun da ake haɗawa da naman ba su ga wuta ba sam, lafiyarsu ta dogara ne ga tsabtar ruwan da aka wanke su da shi. Kai ma ka wanke hannunka da sabulu kafin ka fara ci.

Mata masu ciki, da ƙananan yara, da tsofaffi, da masu raunin garkuwar jiki su ne ciwon ya fi galabaitarwa, don haka a ba su wanda aka sauke yanzu, ya gasu har ciki. Idan gudawa ko amai ya biyo baya, a fara shan ruwan gishiri da sukari nan take, kada a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a sha ba da umarnin likita ba. Da zarar an ga jini a bahaya, ko zazzaɓi mai zafi, ko fitsari ya ragu, ko yaro ya kasa riƙe ruwa a cikinsa, a garzaya asibiti, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya abin da aka ci da inda aka ci cikin kwanakin da suka gabata, musamman idan waɗanda aka ci tare da su ma sun kwanta.