Zan sayi tsohon jirgin kamun kifin bass a Amurka, me zan duba?

'Yan'uwanmu mazauna Texas da Jojiya da sauran jihohin kudancin Amurka suna yawan kawo maganar nan, mutum ya ga jirgi a Facebook Marketplace yana ƙyalli, kuɗin ba yawa, sai zuciya ta fara raya masa. To ga abin da ake tambaya da kuma yadda nake ganin lamarin.

Wai menene ma bambancin wannan jirgin da sauran kwale-kwale masu inji?

Jirgi ne da aka ƙera domin kamun kifi iri guda, wato bass, wanda Amurkawa suka maida kamunsa wasa har da gasa da kyautar kuɗi. Shimfiɗaɗɗe ne, gefensa ba tsayi, gaba da baya akwai dandamalin tsayawa a jefa ƙugiya, ga babban inji a baya, ga ƙaramin na batir a goshi wanda ake tuƙawa da ƙafa don kada a firgita kifi, sai kuma wani akwatin ruwa a ciki da ake ajiye kifin da ransa. Kamfanin Skeeter ne suka fara yinsa a 1948, Forrest Wood ya kafa Ranger a Flippin ta jihar Arkansas a 1968, Johnny Morris kuma ya fito da Bass Tracker na alminiyam a 1978, jirgi da inji da tirela (abin da ake ɗora jirgin a kai a ja shi da mota) a kuɗi ɗaya. Shi ya sa kasuwar na hannu ta cika maƙil, har na shekarun 1980 da 1990 suna nan ana cinikinsu.

Na ga wani fentinsa kamar sabo, ba shi ke nan ba?

A'a malam, fenti shi ne ƙarshen abin da zaka kalla. Yawancin tsofaffin jiragen faiba, wato waɗanda aka ƙera da roba mai tauri haɗe da zaren gilashi, akwai katako a ɓoye cikinsu, a daɓen da kake takawa, da ƙashin da ke ƙarƙashinsa, da kuma bangon baya inda ake ɗaure inji. Ruwa yana bi ta ramin kusoshi ya shiga a hankali shekara da shekaru har katakon ya ruɓe, daga waje kuma lafiya lau. Wannan bangon bayan shi ne ran jirgin, don shi ke ɗauke da inji mai nauyin kilo 200 ko kusa da haka yana tura shi a guje.

Ka ɗaga injin sama, ka kama ƙafarsa ka danna da ƙarfinka kana kallon bangon. In ka ga yana lanƙwasa ko tsaga tana buɗewa a kusurwa, ka yi wa mai jirgi sallama kawai. Ka ɗauki ƙotar sukundireba ka bi kana ƙwanƙwasawa, wuri mai kyau yana ƙara kau kau, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. Ka leƙa kusoshin injin ta ciki, in ruwa mai launin shayi ya zubo ya bar shaida a ƙasansu to katako ya sha. Sannan ka cire takalmi ka taka daɓen ko'ina, musamman gindin kujeru, kafet yana ɓoye abubuwa da yawa wallahi. Gyaran wannan sai an yanke jirgin, sau da yawa kuɗin aikin ya fi abin da ka saye shi. Kamfanin Triton da Earl Bentz ya kafa a 1996 sun yi suna ne da cewa ba katako a jirginsu, amma kowane iri ne ka tambayi shekarar ƙira ka bincika.

Injin fa? Mai shi ya tayar min ya tashi bugu ɗaya.

Tashi a ƙofar gida da tiyon ruwa ba komai bane, inji mara lafiya ma yana yin haka. A tsohon jirgi rabin kuɗinka ko fiye inji kake saye, saboda haka ka biya makanike ya cire fulogogi ya auna matsin kowace silinda. Abin da ake so lambobin su yi kusa da juna, kada bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100. Ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, to akwai magana. Ya kuma kwance ƙusar man giya ta ƙasa ya ɗiga kaɗan, in ya fito fari-fari kamar an zuba madara ruwa na shiga, in da ɓarɓashin ƙarfe giya na cin kanta. Ka ce kada a tayar kafin ka zo, ka taɓa shi da hannunka ka ji da sanyinsa.

Yawancin tsofaffin nan irin masu ƙona fetur haɗe da baƙin mai ne, kamar ƙaramin janareton nan na gida, suna da hayaƙi da shan mai amma gyaransu da sauƙi. Sai dai ka lura da suna. Kamfanin OMC mai Johnson da Evinrude ya karye a ƙarshen 2000, Bombardier ya saye su a 2001, a 2020 kuma aka daina ƙera Evinrude gaba ɗaya. Ba wai injin banza bane, amma kafin ka biya ka tabbatar akwai mai gyaransa da kayansa kusa da kai. Mercury da Yamaha ba ka da wannan fargabar. Wanda kuma ya shekara uku a ajiye "ba a taɓa shi ba" kada ya burge ka, fetur ɗin Amurka akwai etanol a ciki, yana jan ruwa yana cinye tsofaffin tiyoyin mai yana toshe kafireto.

Dole sai na sa shi a ruwa?

Dole. Wanda ya ƙi yarda a je tafki, ya san abin da ya sani. Ka ba shi wuta ka ga ya ɗago ya miƙe a kan ruwa ba tare da tari ba, ka kunna famfunan akwatin kifi da na kwashe ruwa, ka gwada ƙaramin injin gaba. Bayan kun fito a cire toshiyar ramin zubar da ruwa da ke bayan jirgin ka tsaya ka ga yawan ruwan da zai zubo.

Faiba ko alminiyam?

In karon farko ne kuma motarka ƙarama ce, alminiyam. Ba nauyi, ba shan mai, ya bugi kututture ya loɓa kawai. Na faiba ya fi gudu da zama daram in iska ta taso, amma komai nasa tsada.

Tirela da takardu fa?

Mutane suna mantawa da tirela alhali ita zata kai ka gida. Tayar tirela ba ta suɗewa, tsufa take yi, a gefenta akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, mako ne da shekarar da aka yi ta. Ka ɗaga da jak ka juya ƙafar ka ji ko boris na kuka, ka duba tsatsa da fitilu.

Takardu kuwa, tun 1972 kowane jirgi yana da lamba mai haruffa 12 a bangon baya ta hannun dama, ta zo daidai da ta takarda harafi da harafi. A Texas jirgi da takardar mallakarsa, inji ma da tasa daban, tirela kuma wani ofis ne, wasu jihohin ba haka suke ba sai ka duba ta inda kake. Ka tabbatar sunan mai sayarwa ne a jiki kuma banki baya bin jirgin bashi. "Takardar ta ɓata amma zan nemo maka" ba da kai ba yallaɓai, ya nemo tukuna sannan a zauna ciniki.