Sanya bututu a awota yayin fiɗar zuciyar yara

Sanya bututu a awota, wato babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya zuwa sassan jiki, mataki ne da likitan fiɗa yake bi kafin ya haɗa yaro da na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu. Ta wannan bututu, wanda likitoci ke kira kanula, jinin da na'urar ta sa wa iskar oksijin yake komawa jiki. John Gibbon ne ya fara cin nasara da irin wannan na'ura a Filadelfiya ta Amurka a 1953. A shekarun farko ta jijiyar cinya ko ta ƙarƙashin ƙashin wuya ake shiga, daga baya aka koma awota kanta, wadda ta fi dacewa da jarirai tunda jijiyar cinyarsu ta yi ƙanƙanta.

Bayan an raba ƙashin ƙirji, ana ba yaron heparin don kada jini ya daskare. Sai a zaɓi wuri can sama, dab da reshen farko da ke kai jini kai da hannun dama, domin a bar filin da za a danne awota a tsayar da jini, da kuma na gyaran da za a yi. Likita yana kewaye wurin da ɗinki mai zugewa, irin bakin jakar fata ta dukawan Damagaram, ya tsaga tsakiyarsa da tsinin wuƙa, ya zura kanula, ya ja zaren ya ɗaure, sannan a fitar da duk wani kumfan iska kafin a haɗa da na'ura.

Wahalar aikin tana ga ƙanƙanta. Kanular jariri ba ta cika milimita 3 ba, kuma idan bakinta ya zarce kaɗan yana iya huda bangon awota na baya, ko ya karkata cikin reshen wuya, jini ya yi wa ƙwaƙwalwa yawa sauran jiki ya rasa. Inda ɓangaren hagu na zuciya bai girma ba, awota kan tsaya a milimita 2 zuwa 3, saboda haka akan ɗinka ƙaramin bututun roba a reshen farkon a sa kanula ta nan. Idan kuwa an haifi yaro da bakan awota, wato inda ta lanƙwasa a saman zuciya, a yanke, kanula biyu ake sawa.