Me Ake Nufi da "Matakin Gwaji"?

Kwanan nan duk wanda ya samu makirfo sai ya ambaci "matakin gwaji". An kafa na'urar tace hayaki a wata masana'anta a matakin gwaji, ta kama kashi kaza na guba, aka tafa. Kafin gari ya waye labari ya rikiɗe, wai an gama da gurɓatar iska. Na taɓa jin wani a rediyo ya ci karo da kalmar Turancin, failot, ya fassara ta da "aikin matuƙin jirgi". Na yi dariya har da ƙwalla. Daga baya na ga ashe ya fi masu jawabin kusa da gaskiya, shi ma bai sani ba.

Tun kafin a ƙera jirgin sama akwai failot. Shi ne mutumin da ya san mashigar tashar jiragen ruwa kamar yunwar cikinsa. Babban jirgi in ya iso, sai ya hau, ya nuna inda dutse ya ɓuya, inda yashi ya taru, inda ruwa ba zurfi. Ana biyansa ne don ya san wurin da jirgi zai maƙale. To haka na'urar gwaji take. An gina ta ne don ta tona inda babbar za ta gaza, tun kuɗin gyara bai fi ƙarfin mai shi ba.

A ɗakin gwaje-gwaje komai tsaf yake. Iskar da ake gwadawa daga tukunyar gas take fitowa, an auna ta, ba toka, ba danshi. Hayaƙin kwal ko baƙin mai kuwa bai san ladabi ba. Shi ya sa a matakin gwaji ake huda bututun hayaƙin tashar wutar lantarki ta gaske, a janyo ɗan kaɗan daga ciki, a bi da shi ta ƙaramar na'ura dare da rana, wata da watanni.

A ɗauki hasumiyar wanke hayaƙi. Ana niƙa dutsen farar ƙasa, a dama da ruwa, a fesa daga sama, hayaƙi na hawowa daga ƙasa. Iskar farar wuta mai guba da ke cikin hayaƙin ta haɗu da wannan kunun, a ƙarshe a sami jifsam, wanda ake sawa a siminti. A takarda magana ta ƙare, kuma na'ura mai kyau tana cire fiye da kashi 90 cikin 100. Amma je ka buɗe ƙofar hasumiyar bayan mako shida. Bakunan feshi sun fara toshewa, wani farin ɓawo mai tauri ya kama bango sai da guduma, gishirin da ya taru a ruwan ya soma cin ƙarfe. Haka ma sinadarin nan mai kama da saƙar zuma da ake haɗawa da amoniya don karya iskar naitirojin mai guba, a zafin digiri 300 zuwa 400: ranar farko zakara ne, sai toka ta cushe ramukansa, asinik, wata guba da ke cikin kwal, ya riƙa kashe shi a hankali. Gwajin kwana uku ba zai nuna wannan ba, sai an kwashe dubban awoyi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake ɓoye girman tsallen. A jihar Misisifi ta Amurka an gina tashar wutar lantarki ta Kemper, mai megawat 582, wadda za ta mayar da kwal gas, ta kama iskar kabon kafin ta fita. Fasahar ba daga sama ta faɗo ba, an shafe shekaru ana gwada ta a ƙaramar cibiya a Wilsonville ta jihar Alabama, kuma ta yi aiki. Sai aka tashi daga wannan 'yar ƙarama aka dira kan katafariya lokaci guda. Kuɗin da aka tsara bai kai dala biliyan 3 ba, ya zarce biliyan 7. A 2017 aka haƙura da ɓangaren kwal ɗin, tashar ta koma ƙona iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa kamar kowace. Gwajin bai yi ƙarya ba. Ya amsa tambayar da aka yi masa, mutane ne suka ɗora masa wadda ba a yi ba. In ka ninka faɗin tukunya, zafi ba ya ratsa ta yadda ya saba, iska kan zaɓi gefe guda ta bi, toka ta taru inda ba wanda ya zata.

Ba yau aka fara ba. Tashar wutar lantarki ta Battersea a Landan ta soma wanke hayaƙinta da ruwan kogin Thames a shekarun 1930, daga baya aka daina, don abin da aka cire daga sama kogin yake komawa.

Ni dai idan na ji an ce gwaji ya yi nasara ɗari bisa ɗari, gabana faɗuwa yake. Ko dai ba a bar shi ya daɗe ba, ko an ba shi hayaƙi mai tsabta, ko an ga matsala an yi shiru don kada mai ba da kuɗi ya ji. Ɗan jarida ya tambaya mana: awa nawa na'urar ta yi ba tsayawa? Sau nawa za a ninka ta? Ina aka kai dattin da ta kama?

Ko an bi a hankali ma, akwai abin da gwaji ba ya gani. Fasahar kama kabon da aka sa a Petra Nova, wata na'ura a tashar kwal ta jihar Texas, an fara gwada ta a ma'aunin megawat 25 a Alabama, sannan aka ɗaga zuwa 240, wajen ninki goma kawai. Ta soma aiki a kan lokaci, tana kama kabon ana tura shi rijiyoyin mai don a ƙara tatso man da ke biyan kuɗin aikin. A 2020 farashin mai ya faɗi warwas, aka kashe ta, ta zauna shiru har 2023.